Ranar da Na Je Sayen Iska

Shekara tara ina duƙe
a gidajen Gesse, tun rana ba ta fito ba,
ni da Mande ɗan ƙanwata,
muna bin ganyen mangwaro da na darbejiya.

Gida bakwai ne a hannunmu.
Mu aske ciyawa, mu rage wa fulawa kai,
wannan duk wasa ne;
abin da ke cinye wuni shi ne tsintsiya.

Ta ci min ƙugu.
In na miƙe sai ya yi ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Ige na shafa min man zafi ta ce,
"Nomau, ko a kasuwar Jega ba a sai da sabon baya."

Sai ranar da na ga wani yaro a harabar banki,
inji a kafaɗa, bututu a hannu,
yana kora ganye kamar mai kora tumaki.
Aikin da zai kai ni hantsi
ya gama shi ban gama mamaki ba,
ko zufa babu a wuya.

Da kwasar adashi ta zo kaina
na cusa dubu tamanin da biyar a aljihun ciki,
na nufi shagon Alhaji Labbo a babbar kasuwa.
Ya ce, "Mi kaka so?"
Na ce, "Iska na zo saya."

Ya yi dariya, ya sauko da uku.
Na fari ja ne, ba nauyi, dubu arba'in,
amma ba ya numfashi sai an soka wutsiyarsa a bango.
Na tuna wutar da kan leƙo tsakar dare ta gudu kafin asuba.
Na ce, wannan akuyar turke ce,
kiwonta iyakar igiya.

Na biyu mai batir, ba hayaƙi, ba hayaniya.
Hajiyar gida na huɗu, mai ciwon kai, da ta sa min albarka.
Sai dai minti ashirin ya suma,
batir na biyu kuwa ya kusa rabin kuɗin injin.
Gida bakwai da minti ashirin?
Da cokali ba a yasar rijiya.

Na uku ya ga duniya.
Ta Kamba ya shigo, fenti ya koɗe,
fetur yake sha, a gauraya masa baƙin mai.
"Casa'in," in ji Alhaji.
Ban tanka ba, na tura Mande
ya kira Arzika mai gyaran janareto,
don baƙon hanya ba ya shiga gaba a tafiya.

Arzika ya kwance fulogi, ya shinshina.
Ya ja igiya, shiru. Ya sake, tari.
A na uku ya tashi da ruri,
ledojin ƙofar shago suka watse,
hular mai goro ta faɗa kwata.
Ya kara kunne, ya daɗe, ya ce,
"Zuciyar lafiya lau. Kayan gyaransa har Kalgo akwai.
Madauri ne ya tsinke, aikin baduku, ba wuya."

Muka yi ta ja.
Albarka. Na juya. Ya kira ni. Albarka.
A saba'in da takwas ya sallama.
Na ba Arzika na shayi, na ba mai goro haƙuri,
saura ya tafi a mai da baduku.
Ko na kabukabu bai rage ba,
na tako har gida, inji a baya.

Washegari na hura ganyen gidan Likita kaf
suka tashi sama suka dawo min a ka.
Mande ya riƙe ciki.
Ashe iskar saye ba ta ja da ta Allah;
sai ka duba inda ta nufa, ka bi ta,
sannan ku zama ɗaya.

Yanzu gida goma ne.
Hajiya ta ce kar in tayar da shi sai ta fita.
Ige ta ce ina warin fetur, amma ta ajiye man zafi.
Tsohuwar kuwa ban yar ba,
tana ɗaure a bayan keke:
ƙarƙashin tanki, bayan tukwanen fulawa,
akwai lungun da kuɗina bai kai ba,
can har gobe sarauta ta tsintsiya.